Gwagwarmayar Manoman Bakolori Don Kare Gonaki, Itatuwa da Ruwan Fadama (1974–1980)

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar fafutukar kare muhalli a Nijeriya, hankalin mafi yawan mutane yakan tafi ga yankin Neja-Delta da gwagwarmayar mutanen Ogoni ta farkon shekarun 1990. Ba kasafai ake tunawa da cewa shekaru fiye da goma kafin wannan, manoman karkara a ƙasar Zamfara sun yi tsayin daka wajen kare gonakinsu da itatuwansu da ruwan da ke shayar da fadamunsu ba, har ta kai su ga rasa rayuka masu yawa. Waɗannan manoma ba su da ƙungiya mai rajista, ba su kuma taɓa kiran abin da suke yi da sunan kare muhalli ba. Duk da haka, abubuwan da suka yi ƙorafi a kansu su ne masu bincike suka tabbatar daga baya da ma'auni da alƙaluma.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan gwagwarmaya, tun daga yadda rayuwar fadama take kafin a gina madatsar ruwa ta Bakolori, zuwa irin ɓarnar da aikin ya haddasa, da matakan da manoma suka ɗauka, da kuma abin da ya biyo baya. Haka kuma an ɗan tsokaci wasu kalmomin Hausa da rikicin ya rataya a kansu, domin wani ɓangare na saɓanin ya samo asali ne daga yadda hukuma da talakawa suka fahimci kalma guda ta fuskoki daban-daban.

2.0 Rayuwar Fadama Kafin Zuwan Madatsa

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajejen Funtuwa, ya ratsa ta Gusau, ya bi ta ƙasar Maradun da Talatar Mafara da Bakura, sannan ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. A kowace damina gulbin yakan cika ya tumbatsa, ya malale filayen da ke gefensa, ya bar musu laka mai taki idan ya janye. Waɗannan filaye su ake kira fadama, kishiyar tudu ko jigawa, inda shuka ta dogara ga ruwan sama kaɗai.

Manomin wannan yanki ya saba raba ƙarfinsa gida biyu. A tudu yana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga. A fadama kuwa yana shuka shinkafa da wata irin dawa mai jure ruwa, idan rani ya shigo kuma ya koma ga albasa da barkono da dankali da rogo da rake da taba, yana shayar da su da jigo daga ƙananan rijiyoyi, saboda ruwan ƙasa yana kusa. Hikimar wannan tsari a fili take: in damina ta yi gardama tudu ya gaza, fadama ta rufa asiri, in ruwa ya yi yawa ya cinye fadama, tudu ya ciyar da gida.

Ba manoma kaɗai ke cin moriyar ambaliyar ba. Kifi yakan bi ruwa ya shiga tafkuna da ƙoramu ya hayayyafa, masunta su samu abin kamawa. Fulani makiyaya sukan gangaro da shanunsu da rani domin ɗanyar ciyawa da ruwan sha, su kwana a gonakin da aka girbe, shanu su bar taki. A cikin gonakin kuma akwai itatuwan da ba a sarewa, irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya da gawo. Daga ɗorawa mata ke samun kalwar daddawa, daga kaɗanya man kaɗe, daga kuka garin miya. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Itace guda na iya zama mallakar wani mutum dabam da mai gonar da yake cikinta, ana kuma gadonsa kamar yadda ake gadon gona.

Ta fuskar mallaka, al'ada da shari'ar Musulunci sun daɗe da shimfiɗa hanyoyin da gona ke shiga hannun mutum: gado, da saye, da aro, da jingina, da kyauta, da kuma saran daji da iznin mai gari. Tun a ƙarni na 19 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen raya matacciyar ƙasa da hurumin gari da makiyaya. Turawan mulkin mallaka sun kafa doka a 1910 wadda ta sanya ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta ta a 1962. Sai dai a ƙauye waɗannan dokoki ba su sauya komai a zahiri ba. Manomi ya ci gaba da ɗaukar gonar da ya gada a matsayin tasa, babu kuma wanda ya zo ya ce masa a'a, sai da aikin Bakolori ya iso.

3.0 Asalin Aikin Bakolori

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a kan kwarin Sakkwato da Rima. Rahoton ya ba da shawarar a gina matsakaiciyar madatsa a wajejen Talatar Mafara, a kuma tafi da aikin sannu a hankali, ta yadda ba za a rushe tsarin noman da jama'a suka saba da shi ba.

Abubuwa biyu suka sa aka yi watsi da wannan shawara ta bi-a-hankali. Na farko shi ne farin da ya auka wa yankin Sahel, wanda ya yi tsanani a Arewacin Nijeriya tsakanin 1972 da 1974, ya kashe dabbobi, ya kuma sa mahukunta suka yanke ƙauna daga noman damina. Na biyu shi ne kuɗin man fetur da suka kwararo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon bayan tashin farashinsa a 1973. A wannan shekara aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aikin ginin ya faɗa hannun wani kamfani mai suna Impresit Bakolori, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin Gwamnatin Tarayya da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, reshen kamfanin Fiat. Abin lura a nan shi ne, ɓangaren da ya tsara girman aikin shi ne kuma ya ci kwangilar aiwatar da shi, don haka babu mamaki da aka zaɓi babbar madatsa guda a maimakon ƙarama.

An fara gini a 1974, aka kammala bangon madatsar a 1978. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 5.5, tafkin da ya taru a bayansa kuma yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya mamaye fili wajen hekta 8,000. An yi niyyar shayar da hekta 30,000, amma abin da aka shimfiɗa wa kayan ban-ruwa bai wuce hekta 23,000 ba. Kashi mafi girma na wannan fili an tsara shayar da shi ne da bututun yayyafi masu aiki da injin, sauran kuma ta magudanai. Babban burin gwamnati shi ne noman alkama, domin rage kuɗin da ake kashewa wajen shigo da ita daga waje don yin burodi.

4.0 Rukunan Waɗanda Aikin Ya Shafa

Mutanen da aikin ya cutar sun kasu kashi uku, kowane da irin kukansa.

Rukuni na farko su ne mutanen ƙasar Maradun waɗanda tafki ya cinye garuruwansu da fadamunsu. Mutum fiye da 10,000 aka tasa. An mai da su sabon matsuguni a kan tudu mai tsakuwa da ƙarancin albarka, aka ba su filayen da ba su kama ƙafar waɗanda suka rasa ba. Wanda ya saba girbi sau biyu a shekara ya koma jiran damina guda a ƙasar da ba ta riƙe ruwa.

Rukuni na biyu su ne manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa. An yi musu alkawarin za a karɓi gonakin na ɗan lokaci, a daidaita su, a haƙa magudanai, sannan a mayar musu. A aikace sai katafila ta shiga ta tumɓuke itatuwa, ta share iyakokin gonaki, ta kankare ƙasar sama mai taki, wani lokaci ma da amfanin gona a tsaye. Manoma da yawa sun yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba. Da aka zo rabon gonakin kuma sai rikici ya ɓarke, domin 'yan safiyo ba su rubuta sunayen masu gonaki daidai ba. Wanda ya ba da aro ko jingina ya tarar an rubuta sunan wanda ke riƙe da gonar. Wani aka ba shi fili nesa da garinsu. Wani kuma bai samu komai ba. Waɗanda suka samu kuwa an ɗora musu sharaɗin irin da za su shuka da lokacin da za su shuka shi.

Rukuni na uku su ne mazauna fadamun da ke ƙasa da madatsar, har zuwa kusa da Sakkwato. Su ba a taɓa gonakinsu da katafila ba, ba a kuma lissafa su cikin masu karɓar diyya ba. Abin da suka rasa shi ne ambaliyar shekara-shekara. William Adams, wani masanin labarin ƙasa daga Ingila wanda ya yi bincike a yankin, ya wallafa a 1985 cewa daga cikin kimanin hekta 19,000 na fadamun da ke ƙasa da madatsar, filin shinkafa ya ragu da wajen hekta 7,000, na noman rani kuma da wajen hekta 5,000. Dalili kuwa shi ne, da ambaliya ta ragu sai ruwan ƙasa ya yi nisa, rijiyoyin jigo suka ƙafe. Manoma suka koma shuka gero da dawa a inda da shinkafa ke yi, kifi ya ragu, masunta da dama suka bar sana'ar ko suka yi ƙaura.

Ana cikin wannan hali sai gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a watan Maris na 1978. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta kuma taƙaita diyya ga abin da mutum ya gina ko ya shuka a kan ƙasa, ban da ita ƙasar kanta. Biyan ɗan abin da doka ta amince da shi ma ya gamu da jinkiri, da ƙarancin kima, da zargin cewa wasu ma'aikata da masu riƙe da sarautun ƙauyuka sun cusa sunayen da ba su da gona.

5.0 Matakan da Manoma Suka Ɗauka

Manoman Bakolori ba su fara da fito-na-fito ba. Sun bi hanyar da Bahaushe ya gada ta kai kuka: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, tare da tura wakilai da takardun koke zuwa ofishin hukumar. Matsalar ita ce aikin na Gwamnatin Tarayya ne, sarakunan gargajiya ba su da ikon sauya komai a cikinsa, an kuma sa su ne su lallashi jama'a. Da talakawa suka ga masu kai kukansu sun zama 'yan saƙon wanda ake kuka da shi, sai suka fara shirya kansu da kansu.

Tun daga 1978 aka fara samun manoma suna tsayawa a gaban injinan kamfani suna hana su shiga gonaki. Komawar mulki hannun farar hula a watan Oktoba na 1979 ta ƙara musu ƙwarin gwiwa, musamman da yake sabon Shugaban Ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, ɗan Jihar Sakkwato ne, jam'iyyarsa ta NPN ce kuma ke mulkin jihar. A watan Nuwamba na 1979 Gwamna Shehu Kangiwa ya fuskanci masu zanga-zangar, ya yi musu alkawarin duba koke-kokensu. Da alkawarin ya daɗe bai cika ba, sai manoma suka datse hanyoyin shiga wuraren aiki, suka kafa shingaye suna gadinsu dare da rana, har aikin kamfani ya tsaya na tsawon watanni. Kowace rana da aiki ya tsaya kuwa asara ce ga gwamnati, domin kwangila ta tanadi biyan kamfani kuɗin zaman da ya yi.

Buƙatunsu a bayyane suke: a biya diyyar amfanin gona da itatuwan da aka lalata, a biya ta shekarun da aka hana su noma, a mayar wa kowa gonarsa, a kuma bar manomi ya shuka abin da zai ciyar da iyalinsa. Masanin siyasa Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna a nazarinsa na 1985 cewa ƙarfin wannan yunƙuri ya fito ne daga haɗin kan ƙauyuka da dama waɗanda bala'i ɗaya ya haɗa.

A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta a kan manoma, suka bi su har cikin ƙauyuka, Birnin Tudu na daga cikin waɗanda abin ya fi shafa, aka ƙona gidaje da rumbuna, aka kama mutane da yawa. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Majiyoyin da ba na gwamnati ba, ciki har da 'yan adawar siyasa da malaman jami'a da suka tattara bayanai, sun ce adadin ya haura 380. Wannan tazara tsakanin alƙaluman biyu ita kanta wani ɓangare ce na tarihin, domin tana nuna yadda aka so a binne maganar tare da mamatan.

6.0 Kalmomin da Aka Yi Saɓani a Kansu

Ga mai nazarin harshe, rikicin Bakolori yana da wani darasi na musamman. Kalmar "ƙasa" a Hausa tana ɗauke da ma'anoni da dama: turɓayar da ake shuka a cikinta, da yankin da sarki ke mulka, da kuma tarayyar Nijeriya baki ɗaya. Idan ma'aikaci ya ce ƙasa ta gwamnati ce, manomi ba zai musa ba, domin ya daɗe da sanin cewa ƙasa ta sarki ce ta fuskar mulki. Amma "gona" wani abu ne dabam a wurinsa: ita ce wadda kakansa ya sare, ya kafa mata iyaka, aka kuma raba ta gado bisa shari'a. Dokar 1978 ba ta san wannan bambanci ba. Da aka fassara ta da kalmar "ƙasa", sai mai faɗa da mai saurare kowa ya tafi da tasa fahimtar, har ranar da katafila ta nuna wadda hukuma ke nufi.

Haka abin yake ga kalmar "diyya". Asalinta Larabci ne, a fiƙihu kuma tana nufin abin da ake biya a madadin rai ko wata gaɓa ta jiki, wato cikakkiyar fansa mai ƙayyadadden kima. Da ma'aikata suka ari kalmar suka ɗora wa ɗan kuɗin da ake biya kan amfanin damina guda da kan itace, sai manomi ya saurari alkawarin da ya fi abin da ake nufin ba shi. Ita kuwa "fadama", a takardun masu tsara aikin fili ne kawai da ruwa ke malalewa a banza, alhali a bakin mai ita kalmar ta ƙunshi shinkafa da albasa da kifi da makiyaya. Ruwan da injiniya ya lissafa a matsayin asara shi ne jarin dubban gidaje.

7.0 Abin da Ya Biyo Baya

An ci gaba da aikin bayan 1980, an kuma biya wasu kuɗaɗen diyya, amma burin da aka kafa bai cika ba. Alkama ba ta karɓu yadda aka zata ba, saboda tana buƙatar sanyin hunturu mai tsawo da kayan aikin da ƙaramin manomi ba ya iya saye. Bututun yayyafi sun dogara ga injuna da wutar lantarki da kayan gyara daga waje, da tattalin arzikin ƙasa ya tabarbare a shekarun 1980 sai suka lalace ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 2003 tsarin yayyafin ya daina aiki, filin da ake nomawa da ruwan magudanai bai wuce hekta 7,500 ba, mafi yawansa kuma shinkafa ce, wato abin da manoma ke shukawa tun kafin a zo da madatsa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na gyara manyan ayyukan ban-ruwa a Arewa, Bakolori na cikinsu, shirin kuma ya ba da muhimmanci ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa.

Ta fuskar manufofi, an samu sauyi a hankali. A farkon shekarun 1990 aka ƙaddamar da Shirin Raya Fadama na Ƙasa, wanda ya dogara ga ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa da manomi ke sarrafawa da kansa. A 1992 aka kafa dokar da ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A kwarin Haɗeja da Nguru, inda madatsun Tiga da Challawa suka rage ambaliya kamar yadda ta faru a Bakolori, binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan da ya malala fadama, idan aka haɗa noma da su da itacen wuta, ya zarce wanda ake samu idan aka tare shi don babban aikin ban-ruwa. Wannan hujja ta ƙarfafa al'ummomin Yobe da Borno wajen adawa da madatsar Kafin Zaki. A duniya baki ɗaya ma, rahoton Hukumar Madatsun Ruwa ta Duniya na shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa madatsu sun tashi mutum miliyan 40 zuwa 80 daga matsugunansu, ya kuma jawo hankali ga mazauna ƙasa da madatsa waɗanda ba a cika lissafawa ba.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa manoman Bakolori sun yi asarar gonaki da itatuwa da rayuka, ba su kuma iya hana aikin ba. Amma abubuwan da suka tsaya a kansu, wato darajar ambaliya, da amfanin itatuwan gona, da haƙƙin manomi na zaɓen abin da zai shuka, su ne binciken masana da manufofin gwamnati suka dawo suka amince da su daga baya. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai aiki a gaban masana harshe da adabi game da wannan tarihi. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan Bakolori da Ingilishi aka rubuta shi, alhali waɗanda abin ya faru a kansu da Hausa suka yi shawara, da ita suka kai kuka, da ita kuma suke ba jikokinsu labari. Waɗanda suka ga abin da idonsu a Maradun da Talatar Mafara da Bakura sun manyanta, rashin tsaron da ya addabi Jihar Zamfara tun daga shekarun 2010 kuma ya warwatsa ƙauyuka da dama. Ya kamata sassan koyar da harsunan Nijeriya su tura ɗalibansu su naɗi bayanan waɗannan dattawa da karin harshensu na Zamfarci, tare da sunayen fadamu da tafkuna da garuruwan da ruwa ya rufe, tun ana samun masu iya faɗarsu.